Kafin Mu Roƙi Allah Ya Ba Mu Hitila

Ranar Alhamis da ta wuce, bayan la'asar, ina zaune wajen mai shayin da muka saba haɗuwa a bakin kasuwar Kasala, a gabashin Sudan. An ɗauke wuta tun safe, zafi ya ishi kowa, hira kuma ba ta wuce tsadar gawayi da kuɗin haya. Sai ga ɗan ƙanena ya ajiye rakshansa ya zo ya durƙusa ya gaishe mu. Yaron yana cikin waɗanda suka baro Wad Madani a ƙarshen 2023 da kayan jikinsu kawai, yanzu tuƙin raksha ne ke riƙe da shi da mahaifiyarsa.

Bai gama kurɓar jabanarsa, wato gahawa, ba ya ce, "Wallahi Baffa, ƙasar nan Hitila take buƙata. Mutum ɗaya mai zafin hannu, ya riƙe ta shekara goma, kowa ya shiga taitayinsa." Ya miƙo min waya in ga wani guntun bidiyo: sojoji jere kamar an ja su da zare, tituna fes, jama'a na ɗaga hannu.

Maganar yaron ba ta ba ni haushi ba. Wanda aka raba da gidansa yana da hakkin ya yi mafarkin mai sanda. Abin da ya tsaya min a rai shi ne dattawa uku da ke wurin, masu furfura irin tawa, duk suka gyaɗa kai. Mutanen da suka ga mulkin sojan Numeiri da idonsu, suka yi shekara talatin a hannun Bashir. Kuma a Kasala muke zaune, garin da sojojin Musolini, abokin Hitila, suka taɓa shigowa suka kafa tuta.

Bari in faɗi matsayina tun yanzu. Mai kama-karya ba ya faɗowa daga sama, kuma da wuya ya shigo ta taga. Mutanen da suka gaji da manyan da ke lissafin ribarsu su ne ke miƙa masa makulli. Da ya shiga, aikinsa na farko shi ne kawar da duk wanda zai iya ce masa "a'a". Daga ranar da aka rasa mai cewa a'a, yaƙi ya zama maganar lokaci kawai. Haka aka yi har duniya ta kama da wuta a 1939, kuma mu a Sudan mun ga ƙaramin samfurin abin fiye da sau ɗaya.

Wa ya buɗe musu ƙofa?

Mu fara da Musolini, tunda shi ne ya riga su. A zaɓen 1921 'yan jam'iyyarsa kujera 35 kacal suka samu a majalisar Italiya mai kujeru fiye da 500. A Oktoban 1922 ya tara 'yan bangarsa masu baƙaƙen riguna suka nufi birnin Rum. Sojan gwamnati na da ƙarfin tarwatsa su, firaminista ma ya nemi a kafa dokar ta-ɓaci. Sarki Victor Emmanuel na Uku ya ƙi sa hannu, ya aika aka kira Musolini ya zo ya kafa gwamnati. Mutumin a jirgin ƙasa ya iso daga Milan. Masu masana'antu da masu manyan gonaki sun yi murna, don a ganinsu ga wanda zai murƙushe musu 'yan gurguzu da masu yajin aiki.

Na Hitila ya fi ban mamaki. A 1923 ya gwada juyin mulki a birnin Munik, abin ya watse, aka yanke masa shekara 5, ya yi wata tara aka sake shi. A zaɓen 1928 jam'iyyarsa kashi 2.6 cikin ɗari ta samu. Abin dariya ce a lokacin. Sai kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe a Oktoban 1929, bankunan Amurka suka janye basussukan da Jamus ke numfashi da su, masana'antu suka rufe. Kafin 1932 marasa aikin yi sun kai miliyan 6. A zaɓen 1930 ya samu kashi 18, a Yulin 1932 ya kai kashi 37.

Ga abin da masu bidiyon waya ba sa faɗa. A zaɓen Nuwamban 1932 ƙuri'unsa sun ragu zuwa kashi 33. Bai taɓa samun rinjayen Jamusawa a zaɓe na gaskiya ba, kuma tauraronsa ya fara dusashewa. A daidai wannan lokaci ne wasu manyan 'yan siyasa, ƙarƙashin Franz von Papen, suka shawo kan tsohon shugaban ƙasa Hindenburg ya naɗa shi shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairun 1933. Lissafinsu shi ne za su kewaye shi da ministocinsu, su ci moriyar farin jininsa, su juya shi yadda suke so. 'Yan jam'iyyarsa ta Nazi uku ne kawai a majalisar ministocin, har da shi kansa.

Bai cika wata biyu ba ya gama da su. Aka ƙona ginin majalisa ranar 27 ga Fabrairu, washegari aka dakatar da 'yancin magana da na taro. Ranar 23 ga Maris majalisa da kanta ta ba shi ikon yin doka ba tare da ita ba, ƙuri'a 444 a kan 94. A Yunin 1934 ya sa aka karkashe shugabannin 'yan bangarsa da suka fara yi masa girma, aka haɗa da tsohon shugaban gwamnati Janar Schleicher da wasu mukarraban Papen ɗin. Shi Papen ɗaurin talala ya sha, da ƙyar ya tsira da ransa.

Idan labarin nan bai yi maka kama da wani abu ba, to ba a Sudan ka girma ba. A Nuwamban 1958 firaminista Abdallah Khalil ne da kansa ya share wa Janar Abbud hanya, don gudun kada abokan hamayya su kayar da shi a majalisa. A Mayun 1969 'yan gurguzu da sauran 'yan hagu suka yi wa Numeiri rakiya, a Yulin 1971 ya rataye shugabansu Abdul Khaliƙ Mahjub. A Yunin 1989 Hasan Turabi da jama'arsa suka ɗora Bashir suna ganin soja ne da za su riƙa ja da igiya. Bayan shekara goma Bashir ya rushe majalisar da Turabi ke shugabanta, daga baya ya jefa shi kurkuku. Kowannensu ya ɗauka shi ne gardin da kura ba za ta ci ba.

"Ai zaluntar Jamus aka yi"

Ɗaya daga cikin dattawan, wanda ya ɗan yi karatu, ya ce laifin na waɗanda suka ci yaƙin duniya na farko ne. Suka tsare Jamus a taron sulhu na Basai, a Faransa, a 1919, suka yanke mata ƙasa, suka ƙwace mata duk ƙasashen da ta mallaka a Afirka, suka rage sojanta zuwa 100,000, suka ɗora mata diyyar da ba za ta iya biya ba. Wanda aka matsa wa haka, in ji shi, dole ya fashe.

Akwai gaskiya a ciki. Diyyar da aka yanke a 1921 ta kai mak, wato kuɗin Jamus, biliyan 132 na zinariya, kuma a Nuwamban 1923 kuɗin Jamus ya lalace har dala ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2. Mu da muka ga fam ɗinmu ya zama takarda ba ma buƙatar a yi mana bayanin abin da wannan ke yi wa zuciyar magidanci. Ka yi shekara ashirin kana tari, a wayi gari abin da ka tara ba zai sayi buhun dawa ba.

Sai dai hujjar tana da ramuka biyu. Na farko, an sassauta diyyar a 1924, an sake sassautawa a 1929, a 1932 kuma aka yi watsi da ita kusan gaba ɗaya a taron Lozan. Wato kafin Hitila ya hau, an riga an sauke wa Jamus kayan. Na biyu, Italiya da Japan suna cikin waɗanda suka ci yaƙin farko. Ba wanda ya ɗora musu diyya, amma su ma sun faɗa hannun masu bindiga, su ne ma suka riga Jamus kai wa maƙwabta hari.

Rauni na gaske ne, amma rauni ba ya zaɓar wa mutum likita. Abin da waɗannan mutane suka ƙware a kai shi ne sosa gyambon kullum don kada ya warke, tunda ranar da ya warke kasuwarsu ta mutu.

"Amma ai ya gyara ƙasa"

Nan ne yaron ya kafe, kuma nan ne ya kamata a tsaya a yi magana a tsanake. Gaskiya ne rashin aikin yi ya ragu ƙwarai a Jamus tsakanin 1933 da 1938. Gaskiya ne an shimfiɗa manyan tituna. Tambayar ita ce, da wane kuɗi, kuma aikin mene ne mutanen suka samu?

Kowa a unguwarmu ya san irin mutumin nan da za a wayi gari ya tayar da bene, ya sayi mota, yana yanka rago duk Juma'a, alhali ba a san sana'ar da ta kawo wannan ba. Ana yi masa kirari shekara biyu, uku. Ashe kuɗin mutane ne yake karɓa da sunan kasuwanci, yana biyan na farko da kuɗin na biyu. Irin wannan ba ya iya tsayawa. Ranar da ya daina samun sabon wanda zai karɓa a hannunsa, ranar asirinsa zai tonu.

Tattalin arzikin Hitila haka yake. Mafi yawan aikin na ƙera makamai ne, kuma da bashin ɓoye aka yi shi, ta hanyar wasu takardun alkawarin biya da aka fitar da sunan wani kamfani na jeka-na-yi-ka don kada a ga girman abin a kasafin kuɗi. A 1935 aka dawo da aikin soja na dole, wanda ya kwashe samari daga layin masu neman aiki. An rushe ƙungiyoyin ƙwadago tun Mayun 1933, saboda haka babu mai ƙorafin albashi. Tankar yaƙi kuwa ba gona ba ce. Ba ta haihuwa, ba ta biyan bashin da aka ci aka ƙera ta, sai dai in an tura ta ta ƙwato na wani.

Haka kuwa aka yi. Da ya haɗiye Ostiriya a Maris 1938, zinariyar babban bankinta aka kwasa zuwa Balin. Da ya shiga Firag a Maris 1939, aka kwashe zinariyar Chekoslobakiya da makamanta da masana'antunta. Shi ya sa nake cewa titin da yaron ya nuna min a waya da ramin da aka binne samarin Jamus a Stalingrad a littafin bashi ɗaya aka rubuta su.

Kuma kada a ɗauka babu masu hankali a ƙasar. Akwai su, sun kuma yi magana. Janar Ludwig Beck, babban hafsan sojan ƙasa, ya yi gargaɗin cewa yaƙin zai fi ƙarfin Jamus, ba a saurare shi ba, ya ajiye aiki a 1938. Hjalmar Schacht, wanda shi ne ya ƙirƙiro dabarar bashin tun farko, ya rubuta cewa kashe kuɗin ya wuce kima, aka tsige shi daga shugabancin babban banki a Janairun 1939. Bayan su sai 'yan amshin shata. Shi ya sa mutum ɗaya ya iya kai wa Tarayyar Sobiyet hari a Yunin 1941 alhali bai gama da Ingila ba, sannan a Disambar shekarar ya ƙara da shelanta yaƙi a kan Amurka. Ko mai sayar da gawayi ya san ba a tsokanar layi uku a rana ɗaya. Amma babu wanda ya rage da zai faɗa.

Can Mosko ma haka. Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, ya karkashe manyan hafsoshinsa a 1937 da 1938, ya ƙulla yarjejeniya da Hitila ranar 23 ga Agustan 1939 suka raba Folan a takarda, sannan da 'yan leƙen asirinsa suka yi ta kawo masa labarin za a kawo hari, ya ƙi yarda. Wa zai matsa masa? Ƙasar ta yi asarar mutum kusan miliyan 27. A Japan kuwa hafsoshi ne suka harbe firaminista Inukai a Mayun 1932, daga nan 'yan siyasa suka koyi yin shiru.

Abin da Habasha ta gani, da abin da Kasala ta gani

Mai kama-karya shi kaɗai ba ya iya ƙona duniya. Sai ya samu maƙwabta masu kawar da kai. A nan ne nake ganin mu mutanen wannan yanki ya kamata mu fi kowa sanin labarin, don a ƙofarmu aka gwada shi.

Japan ta mamaye Manchuriya a 1931. Ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan zamani, wadda Amurka ba ta ma taɓa shiga ba, ta aika kwamiti, kwamiti ya rubuta rahoto, Japan ta fice daga ƙungiyar a 1933 ta ci gaba da harkarta. A shekarar 1931 ɗin ne Italiya ta rataye Shehu Umar Mukhtar a Libiya, tsoho mai shekara fiye da saba'in, bayan ta tsare dubban mutanensa a sansanonin hamada. Turai ba ta ce uffan ba.

Sai Oktoban 1935, Musolini ya afka wa Habasha, ƙasa mai cikakkiyar kujera a ƙungiyar. Ya yi amfani da iskar guba a kan sojoji da ƙauyuka. Aka ce an sa masa takunkumi, amma aka cire man fetur daga ciki, kuma mashigin Suwez, wanda ta nan jiragensa ke bi da sojoji da makamai, aka bar shi a buɗe. Ingila ce ke riƙe da mashigin. Adis Ababa ta faɗi a Mayun 1936. A Yuni Sarki Haile Selassie ya tsaya gaban wakilan duniya a Janeba ya kai kuka, bayan 'yan makonni aka ɗage takunkumin.

Hitila yana kallo. A Maris 1936, ana tsakiyar wannan, ya tura soja yankin Rain da yarjejeniya ta hana shi, ba wanda ya motsa. A Satumban 1938 Ingila da Faransa suka zauna da shi a Munik suka yanka masa wani ɓangare na Chekoslobakiya, masu ƙasar ba sa cikin ɗakin. Ina fahimtar tsoronsu, mutane ne da suka binne miliyoyin 'ya'yansu shekara ashirin kafin nan. Amma a ganina lissafin da suka yi shi ne, muddin baƙar fata ko ɗan China ko wata ƙaramar ƙasa ake ci, abin bai kai a tashi ba. Gemun maƙwabci na ci da wuta, su suna auna tsawon nasu. Ranar 1 ga Satumban 1939 ya shiga Folan, bayan kwana biyu suka shiga yaƙin da suka yi shekaru suna gudu, a lokacin da abokin gaba ya fi ƙarfi.

Wutar ba ta tsaya a Turai ba. Ranar 4 ga Yulin 1940 sojojin Italiya suka taso daga Eritiriya suka kama Kasala, suka zauna har Janairun 1941. Duk wanda ya ɗaga kai ya kalli duwatsun Taka, ya sani a ƙarƙashinsu aka yi wannan. Ta Hartum Haile Selassie ya bi ya koma ƙasarsa, ya shiga Adis Ababa ranar 5 ga Mayun 1941. Sojojin Najeriya, da Hausawa da yawa a cikinsu, su ne suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, daga baya aka kwashi wasu dubbai zuwa dazukan Bama. Manomi daga Katsina ko Zazzau, wanda bai taɓa jin sunan Papen ba, ya je ya mutu a ƙasar da bai san da ita ba saboda lissafin da wasu dattawa suka yi a Balin. Yaƙin ya ci mutum fiye da miliyan 50.

"Su Ingilan waliyyai ne?"

Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Mu ne jikokin waɗanda suka baro ƙasar Hausa bayan Turawan Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Garin Mai Wurno da suka kafa a bakin kogi kusa da Sinnar shaida ne. Kafin nan, a 1898, bindigoginsu sun kashe kusan mutum 10,000 a Karari, kusa da Hartum, cikin safiya ɗaya. Ƙasa mai majalisa da jaridu ce ta yi wannan. A 2003 ma ƙasashe masu zaɓe ne suka rusa Iraƙi a kan makaman da ba a samu ba.

Saboda haka ba na cewa zaɓe yana mayar da mutane mala'iku. Mulkin mallaka kama-karya ne tsantsa a kan waɗanda aka mallaka, kuma ya yiwu ne saboda mu ba mu da bakin cewa a'a a majalisar Landan. Wannan ai ƙarfafa maganata yake yi.

Bambancin da nake nunawa ƙarami ne amma shi ne komai. Da firaministan Ingila Chamberlain ya gaza, majalisa ta juya masa baya a Mayun 1940, ya sauka. Churchill da ya gaje shi ya ci yaƙin, a Yulin 1945 masu zaɓe suka sallame shi, ya tattara kayansa. Jamusawa fa? Tun 1943 duk mai ido ya san an sha kashi, amma babu hanyar tsayar da mutumin sai bom, an gwada a Yulin 1944 bai mutu ba. Aka ci gaba da mutuwa har ya harbe kansa ranar 30 ga Afrilun 1945, bayan ya tura yara 'yan shekara goma sha biyar su tare tankoki.

Wani ya jefo cewa ai ga ƙasashen da mutum ɗaya ko gida ɗaya ke mulki kuma suna zaune lafiya, 'yan'uwanmu ma can suke tafiya neman abinci. Ban musa ba. Na dai juya ga yaron na ce, "Ɗana, da za a ba ka raksha sabuwa fil, injin lafiya lau, amma babu birki, za ka ɗauki mahaifiyarka a ciki?" Ya yi dariya ya ce a'a. Na ce to ai akwai direban da zai iya kai ta gida lafiya, in hanya ta miƙe kuma babu jaki a tsakiya. Matsalar ita ce ba ka sanin irin direban sai tafiya ta yi nisa, kuma a lokacin ba a sauka.

Mun riga mun gwada

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne yadda muke magana kamar ba a taɓa ba mu mai sandan ba. Daga samun 'yancin kai a 1956 zuwa 2019, Abbud ya yi shekara 6, Numeiri 16, Bashir kusan 30. Shekara 52 ke nan cikin 63. Idan mai zafin hannu ne maganin Sudan, ya ci a ce mun fi kowa lafiya.

Me muka samu? Numeiri, wanda ya kawo sulhun Adis Ababa a 1972, shi ne ya warware shi da hannunsa a 1983, yaƙin Kudu ya dawo. Da yunwa ta afka wa Darfur da Kurdufan a 1984, gwamnatinsa ta daɗe tana ƙin amsa cewa akwai yunwa, don kada a ce mai gida ya gaza. A zamanin Bashir aka yi Darfur daga 2003, Kudu ta ɓalle a Yulin 2011 da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur. A Disambar 2018 burodi ya tashi daga fam 1 zuwa 3, Atbara ta fito titi.

Kuma da yake mai kama-karya ba ya yarda da kowa, har sojansa, sai ya gina wata runduna ta tsare shi daga ta farko. A 2013 aka kafa Da'am Sari', wato rundunar RSF. Bashir ya tafi a Afrilun 2019 ya bar mana bindigogi biyu a ɗaki ɗaya. Ranar 15 ga Afrilun 2023 suka juya wa juna, fiye da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu, ɗan ƙanena yana cikinsu. Yaron yana roƙon a kawo masa irin abin da ya kore shi daga Madani, bai sani ba.

Na san mulkin farar hula ma bai yi mana abin kirki ba. Na ga gwamnatin Sadiƙul Mahdi, na ga jam'iyyu suna rigimar kujera ana layin burodi. Takaici ne na gaske. Amma a wancan lokaci kana iya zagin firaminista a wajen mai shayi ka kwana a gidanka, jarida ta rubuta, kuma akwai ranar zaɓe a gaba. Duka-duka shekara uku aka ba su.

Akwai abu ɗaya da ban faɗa a gaban dattawan ba, sai da yaron ya ɗauke ni a rakshansa zai kai ni gida. Kowane irin wannan shugaba yana buƙatar wani a cikin gida da zai nuna da yatsa ya ce ga wanda ya jawo muku wahala. Hitila ya nuna Yahudawa, mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru a Jamus, wasunsu ma sun yi mata yaƙin farko, aka kashe miliyan 6 a faɗin Turai. Yaran da sojojin Afirka na rundunar Faransa suka haifa da matan Jamus, a 1937 aka bi su aka yi musu aikin hana haihuwa. A Yunin 1940 sojojinsa sun ware baƙaƙen fursunoni 'yan Afirka ta Yamma daga fararen a ƙauyen Chasselay na Faransa suka harbe su.

Na ce masa, "Ka tuna Yulin 2022, rikicin da ya rutsa da mu Hausawa a Damazin da Rusairis? Ka tuna kalmar da aka riƙa jifanmu da ita, cewa mu baƙi ne, bayan kakanninmu sun fi shekara ɗari suna noma wannan ƙasa? To in Hitilan naka ya zo yana neman wanda zai nuna da yatsa, a Sudan, wa kake ganin ya fi sauƙin nunawa?"

Bai amsa ba. Mun tsallaka gadar Gash, ya kauce wa wani rami, can ya ce, "To Baffa, in ba shi ba, wa zai tsayar da wannan abin?" Na ce masa zan zo gidansu ranar Juma'a mu ƙarasa, ya gaya wa mahaifiyarsa ta ajiye min kisra. Da na sauka na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, na ajiye masa a kan kujera.